Minti goma da biro kafin barci: kira ga masu karatu su fara rubuta kwanakinsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu karatu a kan wata ɗabi'a da ba ta cin kuɗi, ba ta kuma buƙatar izinin kowa, wato mutum ya keɓe 'yan mintuna a kowace rana ya rubuta wa kansa abin da ya faru da shi da abin da ke cikin ransa. Na san wasu za su ce ana ta kai wa ke ta kaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, ga matsalar tsaro da ta raba mutane da gonakinsu a wurare da dama, to wa ke da sukunin zama da biro da takarda? Amsata ita ce a irin wannan lokaci ne aka fi buƙatar abin, domin mutumin da ya wuni yana amsa gaisuwa da "lafiya lau" da "sai godiya", shi ne wanda zai kwanta da dare idonsa biyu yana lissafin kuɗin makaranta da na haya, ba shi da wanda zai faɗa wa, kuma ba ya so ya faɗa.

Abin da nake kira gare shi ba rubuta wa kai kalaman daɗin baki ba ne. Rubuta gaskiyar yini ne, da daɗinsa da ɗacinsa, saboda zuciya idan aka bar ta ita kaɗai ba ta yin adalci wajen ajiye labari. Mutum goma za su gaishe ka da fara'a tun safe, mutum ɗaya ya yi maka kallon banza da la'asar, amma da kallon nan za ka kwana. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan, har Roy Baumeister da abokan aikinsa suka tattara bincike masu yawa a 2001, suka nuna cewa mummunan abu ya fi kyakkyawa tasiri a zuciya ko da girmansu ɗaya, a zamantakewar aure ne, a harkar kuɗi ne, ko a maganar da aka faɗa wa mutum. Wannan halitta tana da amfaninta, don ita ce ke sa a guje wa haɗari, amma idan ta yi yawa sai mutum ya wayi gari yana ganin tun da aka haife shi bai taɓa ganin alheri ba. Wanda yake da littafin da ya rubuta da hannunsa yana da shaidar da zai iya buɗewa ya ga cewa a watan da yake kira baƙin wata, an yi ranar da ɗansa ya warke daga zazzaɓi, an yi ranar da wani tsohon aboki ya neme shi, an kuma yi ranar da abin da ya hana shi barci ya wuce ba tare da ya faru ba.

Kada wani ya ɗauka wannan baƙuwar al'ada ce da aka kwaso daga Turawa. An ruwaito daga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku hisabi, kuma malamai sun gina babi guda na tarbiyya a kan wannan magana. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, yawan yi wa kansa hisabi ne ya jawo masa laƙabin da aka san shi da shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta al'amarin da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: da safe ya gindaya masa sharuɗɗa, da rana ya sa masa ido, idan an tashi kasuwa kuma su zauna a fitar da uwar kuɗi, a ga riba, a ga hasara. Duk wanda ya taɓa ganin mai shago a Kantin Kwari ko a kasuwar Sabon Gari yana duba littafin bashi kafin ya rufe ƙofa ya san abin da ake nufi, ya kuma san cewa ɗan kasuwar da ke rubuta riba kaɗai ya bar hasara ba zai daɗe a kasuwa ba, haka ma wanda ke rubuta hasara kaɗai zai rufe shagon da ke ci gaba.

Akwai ma waɗanda suka yi hisabin a rubuce. Ibn Arabi, malamin Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1240, ya ba da labarin cewa malamansa sukan rubuta abin da suka faɗa da abin da suka aikata a cikin wani littafi, idan an yi sallar isha'i sai su ɗauko shi su duba, abin da ya cancanci istigfari su yi istigfari, abin da ya cancanci godiya su yi godiya. Ko da mai karatu ba ya tare da wannan malami a wasu ra'ayoyinsa, labarin ya isa shaida cewa ɗabi'ar ta girmi zamaninmu da ɗaruruwan shekaru. A Bagadaza ma wani malamin mazhabar Hambaliyya, Abu Ali ibn al-Banna, ya riƙa rubuta kwanakinsa rana bayan rana, kuma ɓangaren da ya saura, wanda ya ƙunshi shekarun 1068 da 1069, yana cikin mafi daɗewar irin wannan rubutu da ya iso gare mu. A ciki akwai labaran gari, da rasuwar malamai, har da mafarkai da fassararsu. 'Yan'uwanmu Kirista su ma suna da nasu gadon, domin Zabura ta 103 tana umartar rai da kada ya manta da alheran Ubangiji, kuma tun ƙarni na 16 Ignatius na Loyola ya koya wa mabiyansa bitar yini a kowace rana, wadda ake farawa da godiya.

Sai dai rubutu kaɗai ba ya gyara kowa, kuma muna da misali a gida. Hamman Yaji, wanda ya mulki Madagali a ƙasar Adamawa, ya bar kundin kwanakinsa daga 1912 zuwa 1927, inda aka rubuta hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsu, da adadin bayi da dabbobin da aka kamo, kamar yadda ake rubuta kowane lissafi. Kundin yana da matuƙar amfani ga masana tarihi, amma mai karanta shi zai ga cewa ana iya shekara goma sha biyar ana rubuta abin da aka yi ba tare da an tsaya an tambayi kai ko daidai ne ba. Tambayar da mutum ke yi wa kansa ita ce ran wannan aiki.

Masu binciken zamani sun gwada abin da magabata suka yi, suka kuma auna sakamakonsa. A 1986 James Pennebaker da Sandra Beall suka sa ɗaliban jami'a a Amurka su yi rubutu na minti goma sha biyar a kwana huɗu a jere. Wasu aka ce su rubuta abubuwa marasa nauyi, kamar bayanin ɗakinsu, wasu kuma aka ce su rubuta mafi ɗacin abin da ya taɓa samunsu, tare da yadda suka ji a ransu. Waɗanda suka rubuta abu mai ɗaci sun tashi daga teburin da baƙin ciki, amma a watannin da suka biyo baya sun fi sauran ƙarancin zuwa asibitin jami'a. Daga baya Pennebaker ya bi kalmomin da mutane ke amfani da su a irin wannan rubutu, ya gano cewa waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda kalmomin dalili da na fahimta, irin su "saboda" da "na gane", suka riƙa ƙaruwa a rubutunsu daga rana zuwa rana. Ma'ana, amfanin yana zuwa ne idan mutum ya tashi daga kuka kawai ya koma ƙoƙarin gane abin da ya faru.

A 2003 kuma Robert Emmons da Michael McCullough suka raba ɗalibai gida uku na tsawon mako goma. Rukuni na farko suna rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu a kowane mako, na biyu suna rubuta abubuwa biyar da suka ɓata musu rai, na uku kuma suna rubuta abubuwa biyar da suka faru kawai. Masu rubuta godiya sun fi gamsuwa da rayuwarsu, sun fi kyautata zato ga makon da ke tafe, sun kuma fi masu rubuta ɓacin rai yawan motsa jiki. Bayan shekara biyu Martin Seligman na Jami'ar Pennsylvania da abokansa suka gwada wani abu mai sauƙi, wato a rubuta abubuwa uku da suka tafi daidai a kowane dare na mako guda, tare da dalilin da ya sa suka tafi daidai. An ga alamun damuwa sun ragu har bayan wata shida, musamman ga waɗanda suka ci gaba da yi don kansu bayan an gama gwajin. Musulmi ba zai yi mamakin wannan ba, tun da ya san alƙawarin da ke cikin Suratu Ibrahim cewa idan kun gode za a ƙara muku.

Wajibi ne in faɗi girman abin yadda yake, don kada in zama ɗaya daga cikin masu tallan maganin da ke warkar da kowace cuta. Da Joanne Frattaroli ta haɗa gwaje-gwaje 146 na irin wannan rubutu a 2006, ta tarar cewa amfanin tabbatacce ne amma ɗan kaɗan ne. Yawancin binciken kuma an yi su ne a Amurka da Turai, da dama a kan ɗaliban jami'a waɗanda damuwarsu ba irin ta manomin da aka kora daga ƙauyensa ba ce. Duk da haka, amfani kaɗan da ake samu da littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro guda ba abin rainawa ba ne.

Inda nake da ja shi ne da irin nasihar da ta cika Facebook da TikTok, wadda ke cewa mutum ya tashi da safe ya rubuta sau goma cewa shi attajiri ne, shi gwarzo ne, kowa na ƙaunarsa, wai da haka dukiya da farin jini za su biyo shi. A 2009 Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta sa mutane su riƙa maimaita wa kansu cewa su abin ƙauna ne, sai ta ga waɗanda dama ba sa ganin ƙimar kansu, wato waɗanda aka fi yi wa tallan wannan dabara, sun ƙara jin ba daɗi, saboda zuciyarsu tana ƙaryata abin da bakinsu ke faɗa. Gabriele Oettingen ta Jami'ar New York ita ma ta shafe shekaru tana nuna cewa wanda ya nutse cikin mafarkin nasara kawai yakan rage himma, kamar ya riga ya samu, alhali wanda ya hango burinsa, sannan ya fito da cikas ɗin da ke gabansa ƙarara ya tsara yadda zai bi da shi, ya fi kaiwa gaci. Saboda haka matashin da ke neman aiki ya fi amfana da rubuta cewa yau ya kai takardunsa wuri biyu, an kore shi a ɗaya, an ce ya dawo a ɗayan, kuma gobe zai je ya ga wanda zai koya masa gyaran waya, fiye da cika shafi da cewa shi babban mutum ne.

To yaya ake farawa? Shawarata ita ce a fara da abin da ya yi ƙanƙantar da ba za a iya cewa babu lokacinsa ba. A samu littafi da biro a ajiye su wuri ɗaya, a kuma ɗaura rubutun a kan wani abu da ake yi kullum ba fashi, kamar bayan sallar isha'i, ko bayan an kwantar da yara, ko bayan asuba kafin gida ya tashi. Wanda ya ce zai rubuta idan ya samu sarari ba zai rubuta ba, amma wanda ya ce da ya shafa addu'ar isha'i zai ɗauki biro, ya riga ya yanke shawarar tun kafin gajiya ta zo ta yanke masa. A sa kwanan wata a saman shafi, domin shi ne zai ba rubutun daraja idan an dawo gare shi bayan shekara.

Daga nan a rubuta abu biyu ko uku da suka tafi daidai a ranar, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Idan mutum ya rubuta "na gode wa Allah da lafiya da iyali" yau, gobe ma haka, jibi ma haka, maganar gaskiya ce, amma kafin mako biyu hannu ne kawai zai riƙa rubutawa, zuciya tana wani wuri. Abin da ke aiki shi ne takamaiman abu na wannan rana: maƙwabciya ta aiko da miya ba a roƙe ta ba, mai shago ya ƙara mudu ɗaya bashi bai ɓata fuska ba, yarinya ta karanta layi guda ita kaɗai a karon farko, an kawo wuta daidai lokacin da ake buƙatar guga. Sai a ƙara da dalili, domin dalilin ne ke tuna wa mutum cewa akwai masu yi masa alheri, wani lokaci ma shi ne ya shuka abin da ya girba. Sonja Lyubomirsky ta Jami'ar California da ke Riverside ta samu cewa masu lissafa ni'imomi sau ɗaya a mako sun fi masu yi sau uku a mako amfana, wataƙila saboda maimaitawa tana kashe armashi. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne a riƙe lokacin rubutu kullum, amma a riƙa sauya tambaya: yau godiya, gobe abin da na koya, jibi wanda na kyautata wa ko wanda ya kamata in nemi gafararsa.

Sannan a ba damuwa nata wuri, amma a yi mata iyaka. A rubuta abin da ya dami rai da sunansa, a ce tsoro ne, ko kunya, ko fushi, ko hassada, domin sau da yawa mutum yakan ce ransa a ɓace yake kawai bai san me ya ɓata shi ba sai ya zo rubutawa. Bayan haka a raba shi biyu, abin da ke hannuna da abin da ba ya hannuna. Farashin buhun shinkafa ba ya hannun magidanci, amma zama da uwargida a sake tsara cefane yana hannunsa. Abin da ba ya hannu a bar wa Allah, abin da ke hannu kuma a mayar da shi aikin gobe. Wannan mataki na ƙarshe yana da nasa amfanin ga barci: a 2018 Michael Scullin na Jami'ar Baylor ya kwantar da matasa 57 a ɗakin gwajin barci, ya sa rabinsu su ɗauki minti biyar suna rubuta ayyukan da ke jiransu, rabi kuma su rubuta ayyukan da suka gama, sai masu rubuta ayyukan da ke tafe suka riga sauran yin barci da kimanin minti tara. Abin da aka sauke a takarda, ƙwaƙwalwa ba ta ganin dole ta yi ta juya shi don kada a manta.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. Wanda ya mayar da littafinsa wurin maimaita laifin mutum ɗaya kullum, kishiya ce ko shugaban wurin aiki ko ɗan'uwan da aka yi rigimar gado da shi, ba sauke nauyi yake yi ba, ƙara wa wutar itace yake yi. Idan aka duba shafuka aka ga magana ɗaya ce ke dawowa da kalmomi iri ɗaya, babu wani sabon fahimta, to lokaci ya yi da za a sauya tambaya ko a nemi mutum a yi magana da shi. Shi kansa Pennebaker bai ba da shawarar a riƙa tono tsohon ciwo kullum ba. Kwanaki kaɗan ya tsara, ya kuma yi gargaɗin cewa idan rubutun ya fara fin ƙarfin mai yin sa, ya dakata.

Za a yi fashi, wannan babu makawa. Baƙi za su zo, a yi tafiya, a yi rashin lafiya, a yi rasuwa. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga cewa matsakaicin lokacin da abu ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu kwana 18 ya ishe su, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai kwana 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Don haka wanda ya yi fashin mako guda ya buɗe sabon shafi ya sa kwanan wata ya ci gaba, ba sai ya rama abin da ya wuce ba. Hadisin da Nana A'isha ta ruwaito ya riga ya faɗa mana cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Layi uku sun isa a daren gajiya.

A rubuta da harshen da ake tunani da shi. Na ga masu ilimin boko da yawa suna ganin rubutu sai da Turanci, sai su ɓata mintunansu wajen neman kalma da tsoron kuskuren nahawu, alhali babu malamin da zai duba. Wanda ya tashi a makarantar allo ya rubuta da ajami, kamar yadda Nana Asma'u da malaman zamaninta suka rubuta waƙoƙinsu na Hausa da Fulatanci. Wanda bai iya rubutu ba kwata-kwata yana iya ɗaukar muryarsa a waya ta minti biyu, ko kuma iyali su mayar da abin al'ada bayan cin abincin dare, kowa ya faɗi abu ɗaya mai kyau da ya same shi a ranar.

Babban cikas a wurinmu, a ganina, ba rashin lokaci ba ne, rashin sirri ne. A gidan da mutum shida ke kwana ɗaki ɗaya, ko ɗakin kwanan ɗalibai, ko gidan da ake zaune da kishiya da dangin miji, littafin da aka rubuta abin da ke zuciya yana iya zama sanadin fitinar da ta fi damuwar da aka so a rage. Wannan tsoro na gaskiya ne, musamman ga mata, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Mai irin wannan hali yana iya raba rubutunsa biyu: godiya da ayyukan gobe su zauna a littafi, tun da ko an gani babu abin kunya, abin da ya yi nauyi kuma a rubuta shi a takarda daban a yayyaga bayan an gama, domin amfanin yana cikin rubutawar ne ko da ba a ajiye ba. Ana iya amfani da harafi maimakon sunan mutum. Mai rubutu a waya ya sa lambar sirri, ya kuma kashe intanet kafin ya fara, in ba haka ba zai shiga don rubuta layi uku ya fito bayan awa guda daga WhatsApp. Ga magidanta da iyaye kuwa ina da magana kai tsaye: Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma ba ta cire matar aure ko ɗan da ya balaga daga wannan kariya ba. Uban da ya buɗe littafin 'yarsa ya karanta a gaban mutane ya koya mata abu ɗaya ne kawai, wato kada ta sake faɗin gaskiya ko a takarda.

Wani zai ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma rubuta damuwa alama ce ta ƙarancin haƙuri da tawakkali. Ban yarda ba. Annabi Yaƙubu, wanda Alƙur'ani ya ambaci kyakkyawan haƙurinsa, shi ne kuma ya ce yana kai ƙarar baƙin cikinsa da damuwarsa ga Allah. Haƙuri bai hana shi sanin abin da ke damunsa da faɗinsa a inda ya dace ba. Mu kan ce wa mutum ya yi haƙuri mu tashi mu tafi, ba mu tambayi inda zai kai abin da ya haɗiye ba, sai daga baya a ga ya koma faɗa da matarsa a kan gishirin miya, ko dukan yaro a kan abin da bai kai ya kawo ba. Takarda ba ta kai gulma, ba ta kuma gori, don haka wanda ya sauke fushinsa a kanta ya fi kusa da riƙe bakinsa idan gari ya waye.

Amma littafi ba likita ba ne. Idan mutum ya kai mako biyu ko fiye yana cikin baƙin ciki kusan dukan yini, abin da ya saba jin daɗinsa ya fita masa a rai, barci da cin abinci sun rikice, yana ganin kansa ba shi da amfani, ko tunanin kashe kansa yana zo masa, to wannan ciwo ne da ke buƙatar asibiti, kamar yadda hawan jini ke buƙata. Haka ma mai jegon da ta kasa jin daɗin jaririnta tana ta kuka ba dalili, da wanda ya tsira daga hannun masu garkuwa da mutane yana firgita cikin barci. Irin waɗannan kada a ce su zauna su rubuta abin da ya same su su kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma sassan da ke kula da wannan fanni a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Tun watan Janairun 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, kuma sabuwar dokar ta tanadi haƙƙin mai irin wannan lalura na a kula da shi cikin mutunci. A nan ma littafin yana da rana, domin wanda ya je gaban likita da rubutaccen bayanin yadda barcinsa da yanayin ransa suka kasance a makonnin da suka wuce ya sauƙaƙa wa likitan aiki.

Ina roƙon malaman makarantun sakandare da na Islamiyya su gwada ba ɗalibai minti biyar a ƙarshen darasin Hausa su rubuta wa kansu, da sharaɗin ba za a karɓa ba, ba za a duba ba, ba za a ba da maki ba. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka duba yiwuwar ware ɗan gurbi a shafin lafiya, inda za a riƙa buga tambaya ɗaya a kowane mako da mai karatu zai amsa a littafinsa, tare da gayyato likitocin wannan fanni su yi bayani da Hausa a kan alamun da ke nuna cewa lokacin zuwa asibiti ya yi.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya